Hannayen da suka yi hotunan Currier & Ives

A ƙarni na 19, gidaje da yawa a Amurka suna da hoton kamfanin Currier & Ives rataye a bango: jirgin ƙasa yana keta daji, sukuwar dawaki, ko ƙauye lulluɓe da dusar ƙanƙara. Nathaniel Currier ne ya buɗe shagon a New York a 1835, James Ives kuma ya zama abokin kasuwancinsa a 1857. Sun fitar da hotuna iri daban-daban sama da 7,000, kuma ƙananan suna da arahar da ko leburan gini zai iya saya.

Da dutse ake buga su, dabarar da Bajamushe Alois Senefelder ya gano a 1796. Ana kawo dutsen daga yankin Bavaria, a goge shi sumul. Mai zane ya zana hoton a juye da alli mai maiƙo, sannan a jiƙa dutsen da ruwa a mirgina masa tawada. Da yake mai da ruwa ba sa shiri, tawadar ba ta kama ko'ina sai kan zanen. A shimfiɗa takarda a danne, hoto ya fito baƙi da fari.

Launi kuwa da hannu ake sa shi, kuma nan ne abin ya fi tsaya mini a rai. 'Yan mata ne, galibinsu baƙin haure daga Jamus, suke zama jere a dogon tebur da samfuri a gabansu. Kowacce launi ɗaya ne aikinta. Mai shuɗi ta shafa sararin sama ta tura wa ta kusa da ita, wannan ta sa kore a ganye ta tura gaba, ta ƙarshe ta duba ta gyara inda aka yi kure. Haka za a wuni, ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sunan kamfani ne ke fitowa a ƙasan takarda, nasu babu. Fanny Palmer, mai zane 'yar asalin Ingila da ta zana wa kamfanin hotuna wajen 200, tana cikin mata ƙalilan da suka yi masa aiki aka san sunansu.

Da hoton kyamara ya yawaita, injuna kuma suka fara buga launi da kansu cikin araha, ciniki ya ja baya. An rufe kamfanin a 1907.