Abin da Ya Rufe Mashayar Berney Arms

Duk bayan 'yan watanni sai wani hoto ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp: tsohon gidan giya a Ingila, an sauke allon sunansa an kafa na masallaci, a ƙarƙashi kuma an rubuta cewa mashayun Turawa na rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda Musulunci ya ci ƙasar. Masu turawa suna yi ne da murna. Abin dariyar shi ne, bayanin nan dai shi masu ƙin baƙi a Birtaniya ke bayarwa, sai dai su da ɗacin rai suke faɗa. Rufewar kam gaskiya ce, domin a shekarar 2000 ƙasar na da mashayu wajen 60,000, yau ba su kai 50,000 ba. Amma a ƙidayar 2021 Musulmi kashi 6.5 ne cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales, kuma akasarinsu a birane irin su Landan da Birmingham da Bradford suke, alhali mashayu na mutuwa har a ƙauyukan da ba a taɓa jin kiran salla ba. Mai son sanin ainihin dalili sai ya leƙa ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka, ya dubi mashayar, ya kuma dubi abin da ke tsaye kusa da ita.

A gabashin Ingila, cikin gundumar Norfolk, akwai wani ɗan wuri a bakin kogin Yare mai suna Berney Arms. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya iya ganinka, ba hanyar mota ta jama'a da ke zuwa, sai ta jirgin ruwa, ko jirgin ƙasa, ko a taka sayyada fiye da awa guda. Sunan wurin ma daga mashayar ya samo asali, ita kuma daga iyalin Berney masu filayen yankin; kalmar ƙarshen nan tana nufin tambarin gidansu ne, irin wanda ake zanawa a allon ƙofar mashaya. Lokacin da aka shimfiɗa layin dogo tsakanin Norwich da Great Yarmouth a 1844, Thomas Trench Berney ya sayar da filinsa bisa sharaɗin a yi tasha a wurin. Tashar na nan har gobe, ɗan dakali ne a tsakiyar ciyawa, kuma jirgi ba ya tsayawa sai fasinja ya ɗaga hannu, kamar mai tare motar haya a bakin titi.

Ɗan taƙi kaɗan daga mashayar, injin iska ne tsaye, dogon gini na bulo mai hawa bakwai, tsayinsa wajen mita 21, an shafe jikinsa da baƙar kwalta don ruwan sama, ga farar hula a kansa, an gina shi da fukafukai huɗu. Mafi yawan masu ganin hotonsa sukan ɗauka alkama yake niƙawa. Siminti aka gina shi ya niƙa, a 1865. Ana kawo alli daga wajen Norwich, a haɗa da taɓon da aka yaso daga ƙarƙashin ruwa, a gasa a tanderu ya zama dunƙule-dunƙule masu tauri, sannan iska ta juya duwatsu su mayar da shi gari. Kayan nan kuwa duk ta kogi suke zuwa, ta kogi suke tafiya, a cikin manyan jiragen katako masu baƙin ƙyallen da iska ke turawa. Matuƙan jiragen nan dole su jira cikowar ruwa ko janyewarsa kafin su ratsa Breydon Water, faffaɗan mashigin da ke kaiwa Great Yarmouth. Duk inda direbobi ke jira kuwa sai mai abinci ya kafa tukunya, kowa ya san haka daga kowace tashar tirela. Mashayar Berney Arms da masu jira ta rayu, da ma'aikatan siminti, da makiyayan da ke kula da shanu a fadama.

Aikin siminti ya tsaya wajen 1880, sai aka sauya wa injin sana'a ya koma kwashe ruwa. Nan akwai abin da ke rikita mutane. Fadamar ta fi kogin ƙasa, ganuwar ƙasa ce kawai ta raba su, saboda haka ruwan sama ba ya gangarawa kogi da kansa, sai an ɗaga shi sama an zuba. Kamar mai gidan da titi ya fi tsakar gidansa tudu ne, wanda duk daren da aka yi ruwa sai ya kwana da bokiti yana kwarfewa; ko mai kwalekwalen da ke yoyo, da hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana zubar da ruwa da ƙwarya. Injin yana juya wani ƙaton wili mai faɗin fiye da mita bakwai, mai allunan katako jere a jikinsa, su ke turo ruwan lambatu su haye da shi cikin kogi. Wani mutum ne da iyalinsa ke zaune a wurin suna kula da shi, in iska ta taso tsakar dare ya tashi ya saki birki, in ta yi ƙarfi ya tsayar kada ginin ya kama wuta. Haka aka yi ta yi har 1948, da famfo mai inji ya karɓi aikin. Famfo ba ya shiga mashaya da yamma, ba ya aure, ba ya haihuwa. Jiragen dakon kaya kuma tuni jirgin ƙasa da manyan motoci suka ƙwace musu ciniki. Gidajen da ke wurin suka riƙa zama kango ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan hanyar gine-ginen biyu ta rabu. Injin ya shiga hannun gwamnati a farkon shekarun 1950, aka gyara shi, yanzu hukumar English Heritage ke riƙe da shi. Mashayar kuwa ta ci gaba da lallaɓawa da cinikin 'yan yawon hutu masu hayar jiragen ruwa a lokacin zafi, kasuwar 'yan watanni a shekara, wadda ita ma ta ja baya da Turawan Ingila suka gano jirgin sama mai araha zuwa Sifen. A 2015 ta rufe. Dalilin da ya sa ɗaya ya tsira ɗaya ta faɗi ba wai an fi son injin ba ne. Injin da ya daina aiki fenti yake buƙata da kafinta da ɗan kasafin kuɗi, kamar tsohon turmin kaka da aka jingine a lungu, ko kwanukan jere a ɗakin amarya da ba a cin abinci a ciki: in dai ana goge ƙura, za su shekara hamsin suna ƙyalli. Mashaya kuwa teburin mai shayi ce. Ka iya yi wa teburin fenti, ka sake masa rumfa, ka kafa masa allon tarihi, amma ran da unguwar ta watse ba mai zama a benci, shi ke nan, katako ne kawai ya rage. Rijiya ma an san in an daina ja takan lalace, ko da bakinta na siminti ne.

Wani zai ce, to gidan giya ne, in ya rufe Allah raka taki gona, mene ne na ɓata tawada? Ba a nemi kowa ya yi wa giya makoki ba, kuma illarta ga lafiya da aljihu Turawan da kansu sun fi kowa lissafa ta. Sai dai a ƙauyen Ingila mashaya ita ce majalisa, nan ake jin wanda ya rasu da wanda ke neman ɗan ƙwadago, nan ƙungiyoyin ƙauye ke taro. Rufewarta kuma ba ta nufin an tuba. Giyar ta koma manyan kantuna inda ta fi araha, ana saye a kai gida a sha a gaban talabijin. Mai murna da hoton nan yana murna ne da abin da bai faru ba.

Wani kuma zai ce Berney Arms ai ba misali ba ce, wurin da ko hanya babu. Gaskiya ne ta fi sauran tsanani, amma tsananin ne ya sa ake ganin ƙashin bayan al'amarin a fili. A sauran ƙauyuka abin ya zo ne a hankali: tarakta ta rage ma'aikatan gona, dokar gwajin numfashin direbobi ta 1967 ta sa mai mota tunani kafin ya je mashayar da ke nesa, hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a 2007 ya kori wasu, ga haraji da kuɗin wuta, ga kuma gidajen ƙauye da masu kuɗin birni ke saye su zo hutun ƙarshen mako kawai. Masallatan da ake gani a hoto kuwa akwai su, a birane, amma ginin da ya riga ya mutu aka sa a kasuwa suka saya. Mafi yawan irin waɗannan gine-gine gidajen kwana da kantuna suke zama, sai dai ba mai ɗaukar hoton kanti ya yaɗa.

Hukuma ba ta naɗe hannu gaba ɗaya ba, a faɗi gaskiya. An nemi izinin mayar da mashayar Berney Arms gidan zama, masu tsara gine-gine suka hana. Akwai kuma dokar 2011 da ta ba mutanen gari damar yi wa wuri irin wannan rajista a matsayin kadarar al'umma, in za a sayar a ba su wata shida su haɗa kuɗi. A wasu wuraren makamancin haka ya yi aiki: mutanen Hesket Newmarket a arewacin Ingila sun haɗa hannu sun sayi tasu mashayar tun 2003, kafin ma dokar ta zo. Amma can akwai mutanen da za su haɗa kuɗin. Hana mai gini ya sauya shi abu ne mai sauƙi ga jami'i, sa hannu ne a takarda. Abin da takardar ba ta iya yi shi ne kawo wanda zai buɗe ƙofa da safe ya sami mai saye. Hukumomi a ko'ina sun fi jin daɗin abin da za a kewaye da shinge a rubuta masa shekara.

Tsakanin Afrilun 2019 da Maris na 2020 fasinjoji 42 kacal aka lissafa a tashar Berney Arms, mafi ƙaranci a duk Birtaniya, ko da yake layin ya shafe mafi yawan lokacin a rufe ana sabunta na'urorin ba da hannu. Masu zuwa yanzu 'yan kallon tsuntsaye ne da masu tattaki, domin ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wani yanki na fadamar, kuma da gangan take barin ruwa ya kwanta a wuraren da injin ya shekara sittin da wani abu yana kwashewa. Sukan sauka daga jirgi da gorar shayinsu a jaka, su ɗauki hoton injin, su bi ta gaban mashayar a kulle su wuce.