Maikro-RNA: ɗan ƙaramin abin da ke tare saƙo a cikin jiki



Kwanakin baya wani baba ya shigo kantin magani da kwalbar da ya saya da tsada. Mai tallar ya ce masa tana gyara maikro-RNA, don haka ya ajiye maganin hawan jininsa. Da na auna shi, jinin ya hau sosai. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana mana ko mene ne wannan abu.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan tantani da ido ba ya gani. Kusan kowane tantani yana ɗauke da kundi iri ɗaya da muka gada daga uwa da uba, wato DNA, mai umarni kusan 20,000 na haɗa furotin. To in kundin ɗaya ne, me ya sa tantanin hanta bai zama irin na ido ba? Saboda ba kowane umarni ake aiki da shi a ko'ina ba.

Kundin ba ya fita daga ɗakinsa. In ana buƙatar wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan 'yar takarda da ake kira mRNA, a aika da ita wurin masu haɗawa, kamar yadda maigida ke aika yaro wurin tela da awo. A kan hanyar nan maikro-RNA yake tsayawa. Gajere ne ƙwarai, harufa kamar 22. Wasu sinadarai biyu, Drosha da Dicer, suke yanko shi, sannan ya hau kan wani furotin mai suna Argonaute. In ya tarar da takardar da harufanta suka dace da nasa, ko da bakwai ne kawai, sai ya manne mata. Daga nan ko a hana karanta ta, ko a lalata ta. Yawanci ba ya kashe umarnin gaba ɗaya, rage shi yake yi, kamar mai janye itace daga murhu. Guda ɗaya yana iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, kuma mutum yana da irinsu fiye da 1,000.

Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka ne suka gano shi a 1993, a jikin wata tsutsa da tsawonta milimita ɗaya ne. Mutane suka ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 aka samu wani mai suna let-7 har a jikin ɗan Adam. A 2024 aka ba su kyautar Nobel.

In wannan birki ya lalace, ciwo na iya biyo baya. A 2002 an gano cewa masu wani nau'in kansar jini da yawa sun rasa miR-15 da miR-16, waɗanda ke rage furotin da ke hana tantani mutuwa in lokacinsa ya yi. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2012 masu bincike a Jami'ar Duke sun nuna cewa jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila suna da miR-451 da yawa, kuma yana shiga cikin ƙwayar cutar maleriya ya rage mata girma. Wannan ɓangare ne kawai na bayanin, kuma ba dalilin jefar da gidan sauro ba ne.

Magani fa? Har yanzu babu maganin maikro-RNA da aka amince a sayar. An gwada wani mai suna MRX34 a kan masu kansa, aka dakatar a 2016 saboda mummunar illa. Wanda ya kai kasuwa ɗan'uwansa ne, siRNA, kamar allurar inclisiran ta rage kitsen jini, wadda likita ke yi sau biyu a shekara. Allura ce, domin RNA ba ya jure wa ciki, narkewa yake yi kamar abinci.

Baban nan ya koma kan maganinsa. Kwalbar kuwa na juya ta ko'ina, babu lambar rajistar hukumar FDA ta Gana. Duk wanda ke da irinta a gida ya kawo mu duba tare, ya haɗo da katin asibitinsa.