Tsire-tsiren Ruwa a Matsayin Madadin Garin Kifi Cikin Abincin Kifin Kiwo

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda tsire-tsiren da ke yawo bisa ruwa za su rage wa mai kiwon kifi nauyin ciyarwa, wadda takan cinye fiye da rabin kuɗin da yake kashewa. Tushen wannan tsada kuwa shi ne garin kifi, mai ɗauke da furotin fiye da kashi 60 cikin 100. Tun a shekarar 1972, lokacin da kamun ƙananan kifayen tekun Peru ya durƙushe, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, masana suka duƙufa neman madadinsa.

Tsire-tsire uku za mu ambata. Na farko shi ne Lemna, ɗan mitsitsin ganyen nan da ke lulluɓe kududdufi. Idan ruwan yana da taki, furotin ɗinsa bayan an shanya shi yakan kai kashi 35 zuwa 40, kuma yakan ninka kansa cikin kwana biyu ko uku. Na biyu shi ne Azolla, wanda wata ƙwayar halitta ke zaune cikin ganyensa tana jawo masa naitirojin daga iska, saboda haka furotin ɗinsa yakan kai kashi 20 zuwa 30. Na uku ita ce kainuwa, wadda Bahaushe ke yi wa kirari da dashen Allah. Tana da yalwa, amma ta gaza sauran biyun wajen gina jiki, kuma tana da sinadarin okzalet mai ƙaiƙayi.

Sai dai akwai abubuwan lura. Fiye da kashi 90 na ɗanyen ganyen ruwa ne, don haka wajibi ne a shanya shi a niƙa kafin a cuɗa shi da dusa da ƙuli-ƙuli. Haka kuma yana zuƙar guba daga gurɓataccen ruwa, bai kamata a kwaso shi daga magudanar rini ko jima ba. Bugu da ƙari, karfasa ta fi tarwaɗa iya narkar da ganye, domin ita tarwaɗa ta fi buƙatar furotin na dabba.

A ƙarshe, muna ganin hanyar da ta dace ita ce a maye gurbin wani sashe na garin kifi kaɗan-kaɗan, ana auna girman kifin, domin sauƙin kuɗin da zai tsumburar da kifi hasara ce.