Danƙon da ke sauraron zuciya, da iskar Assamaka

Duk wanda aka taɓa yi wa awon zuciya a asibitin Arlit ko na Agadas ya san ƴan faya-fayan nan da ake liƙa wa mutum a ƙirji, a haɗa su da na'ura ta hanyar waya. In aka juya faifan, za a tarar da ɗan danƙo mai sanyi a tsakiyarsa. Zuciya tana fitar da ƴar wutar lantarki duk sa'ad da ta buga, amma busasshiyar fata ba ta barin wutar ta wuce sosai. Ruwa da gishirin da ke cikin danƙon su ne ke buɗe mata hanya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Willem Einthoven, likitan ƙasar Holan da ya ƙera na'urar awon zuciya wajen shekarar 1903, yakan sa majiyyaci ya tsoma hannu biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. A shekarar 1960 kuma, masana biyu na birnin Parag, Wichterle da Lim, suka bayyana wani danƙo da ke shan ruwa ya riƙe, bai narke ba. A hankali bokiti ya koma ɗigo.

Sabon abu shi ne buga danƙon da inji. Malaman allo sun san yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Haka masana ke haɗa tasu, sai dai da sinadaran da wutar lantarki ke ratsawa. Inji yana matso ta ta wani bakin allura, yana zana layuka masu sirantakar gashi, kamar yadda aka tsara masa. A shekarar 2020 ƙungiyar Xuanhe Zhao ta makarantar MIT a Amurka ta buga irin wannan ma'auni mai taushi, har ta ɗauki saƙon ƙwaƙwalwar ɓera da shi. Wasu masanan suna buga wanda za a liƙa a fata ya kwana ya wuni, yana bin bugun zuciya, ko motsin tsoka, ko yawan gishirin da ke fita cikin zufa. Galibinsu suna ɗakunan bincike har yanzu.

To, ina ruwan jihar Agadas da wannan? Ɗaukar ma'auni a jiki ba baƙon abu ba ne a garuruwan yuraniyom. Somair ta fara fitar da ƙarfen a 1971, Kominak a 1978, kafin a rufe ta a watan Maris na 2021. Ma'aikatan rami sun saba da ɗan ma'aunin da ke ƙidaya tururin ƙarfen da ya same su. Amma shi abin da ke shigowa daga waje yake aunawa. Ba ya faɗin halin da jikin yake ciki.

Bukatar ta fi tsanani a Assamaka, wajen kilomita 200 daga Arlit. Baƙin da ake korowa daga Aljeriya ana sauke su a kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30.000 a shekarar 2024. In ɗaruruwan mutane suka iso rana ɗaya, aikin farko na malaman asibiti shi ne gane wanda ƙishirwa ta kusa kayarwa. Faifai mai arha da zai nuna bugun zuciya nan take zai rage musu wahala ƙwarai.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Yawancin nauyin danƙon ruwa ne, a wasu nau'o'in ma ya haura kashi 90 cikin 100. A bazara zafin Assamaka yakan wuce digiri 45, iska kuwa laimarta kaɗan ce ƙwarai. Abin da ke samun salkar da aka manta a rana shi zai same shi: ya ƙanƙance, ya yi tauri, ya saki fata. Abin tsoro ma shi ne, kafin ya mutu sarai yana iya ba da awon da ba daidai ba.

Masana suna neman magani. Wasu suna zuba gilisarin, wasu gishirin litiyom mai jawo laima daga iska, wasu kuma suna lulluɓe danƙon da siririyar roba. Gilisarin yana rage gudun wutar in ya yi yawa. Gishirin litiyom kuwa yana bukatar laima, wadda ta yi ƙaranci a hamada.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke sayen kayan asibiti su riƙa tambaya: a wane zafi aka gwada faifan, kuma awa nawa ya yi bai bushe ba? Ko faya-fayan da ake aiki da su yau, a cikin jaka mai like suke zuwa, da gargaɗin a ajiye su wuri mai sanyi, a kuma yi amfani da su da wuri in an farke bakin jakar.