Zanzibar: Birnin da Iska Ta Tara wa Jama'a

 A littafin bana, ajinmu ya zaɓi ya ba ku labarin wani birni da ke tsakiyar ruwa. Kun san kanumfarin nan da iyayenmu mata ke jefawa cikin kunu da shayi? To akwai lokacin da mafi yawan kanumfarin duniya daga tsibiran Zanzibar yake fitowa.

Birnin Zanzibar yana kan tsibirin Unguja, cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Shi ne babban birnin yankin, wanda ya haɗa Unguja da tsibirin Pemba. Daga Darussalam, jirgin ruwa mai gudu yakan kai mutum cikin kamar awa biyu.

Me ya tara mutane a wurin? Iska ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sai ta turo jiragen katako na fatake daga ƙasashen Larabawa, Farisa da Indiya. Daga Afrilu kuma sai ta juya, ta mayar da su gida. Ke nan dole baƙo ya zauna watanni yana jiran iska. Cikin wannan jira aka yi ciniki, aka yi aure, aka gina masallatai. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin, akwai masallaci mai rubutun Larabci ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Turawan Fotugal sun riƙe gaɓar kusan shekara 200, kafin Larabawan Oman su kore su a 1698. Wajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo Zanzibar, ya ƙarfafa noman kanumfari. Ingila ta sa tsibirin ƙarƙashinta a 1890. Ran 27 ga Agusta 1896 jiragenta suka yi wa fada ruwan wuta, domin Khalid bin Bargash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Ko awa ɗaya ba a yi ba yaƙin ya ƙare. An samu ƴancin kai a Disamba 1963, sai juyin juya hali ya kifar da sarautar a Janairu 1964, aka rasa rayuka da yawa. A Afrilun shekarar Zanzibar ta haɗe da Tanganyika, aka samu Tanzaniya.

Tsohon garin, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi. Lungunansa matsattsu ne, da yawa mota ba ta shiga. Abin da ya fi jan ido shi ne ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a samansu. A bakin gidaje akwai dakali da suke ce wa baraza, inda dattawa ke shan gahawa suna hira. A bakin teku ga tsohuwar ganuwar Omanawa, ga Baitul Aja'ib da Sarki Bargash ya gina a 1883, gidan da ya fara samun wutar lantarki a tsibirin. Da magariba kuwa sai filin Forodhani ya cika da masu gasa kifi da masu matse rake. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Mafi yawan jama'ar Musulmi ne masu bin mazhabar Shafi'iyya, harshensu Swahili. Kamar Hausa, shi ma an daɗe ana rubuta shi da ajami, ya kuma ari kalmomin Larabci. Mu ce labari, su ce habari. Mu ce alƙalami, su ce kalamu. Shehu Abdallah Saleh al-Farsy, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Swahili, ɗan garin ne.

Amma akwai abin da ba za mu tsallake ba. Dukiyar da ta gina benayen nan ba daga kanumfari da hauren giwa kaɗai ta fito ba. A ƙarni na 19 Zanzibar ce babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka. Ana kamo mutane daga can cikin ƙasa, a ɗora musu haure har bakin teku, sannan a sayar da su. Wasu a gonakin kanumfarin suka ƙare rayuwarsu. Da yawa daga cikin masu wannan ciniki Musulmi ne, faɗar hakan kuwa da ɗaci, amma gaskiya ce. An rufe kasuwar a 1873, aka gina majami'a a gurbinta, yau kuma akwai wurin tunawa da bayin a harabarta.

Shi ya sa muke cewa duk wanda ya yaba kyan ƙofa, ya tambayi wanda ya ɗauko dutsen ginin. Gine-ginen ma ba su tsira ba: a Disamba 2020 wani ɓangare na Baitul Aja'ib ya rufta. Abin da ba a kula da shi ba, ko gini ne ko labari, lalacewa yake yi. Idan muka koma gida hutu, mu zauna da kakanninmu mu tambaye su tarihin garinmu, mai daɗin da marar daɗin, mu rubuta.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalam.