In an rufe makaranta, a buɗe darasin tarihi a tsakar gida

Yau maganarmu a kan abin da ya kamata uwa ta yi ne in wani dalili ya hana yara zuwa makaranta.

Lalle ba ku manta da shekarar 2020 ba, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, yawancin yaranmu na Kano ba su koma ba sai watan Oktoba. An ba da darussa ta rediyo da talabijin, amma wani gidan ba wuta, wani ba kuɗin batir. Da aka koma, na sami yarinyar da ta mance rubutun da ta iya. Wata kuwa kujerarta kawai muka gani, an ɗora mata talla, daga nan sai aure. Ko ba annoba ma, ciwo ko ruwan sama ko yajin aiki yakan zaunar da yaro a gida.

To, cikin darussa duka babu mai sauƙin koyarwa a gida kamar tarihi, domin kayan aikinsa suna ɗakinki. Ga shi kuwa an cire shi daga jerin darussan firamare wajen 2009, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Watau akwai iyaye mata da yawa da ba su taɓa yinsa a aji ba. Kada wannan ya karya miki gwiwa.

Fara daga bakin ƙofa

Ki tambayi 'yarki, me ya sa ake kiran unguwarku da sunanta? Mu nan Zaitawa ana danganta sunan da Shaihu Abdurrahman Zaite, shugaban malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Amma littafin asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, ya ce zamanin Muhammadu Rumfa ne, 1463 zuwa 1499. Kin ga tsakani ya kai shekara ɗari. Nan fa darasin yake. Ki ce da yarinya, littafi biyu sun saɓa, yaya za a yi? Wa ya rubuta kowanne, yaushe, kuma daga bakin wa ya ji? Yarinyar da ta koyi yin waɗannan tambayoyi, ba kowace jita-jita za ta haɗiye ba in ta girma.

Daga unguwa sai a faɗaɗa. Ga Dutsen Dala inda Barbushe ya zauna. Ga ganuwa wadda Sarki Gijimasu ya soma ginawa a ƙarni na 12. Ga Kasuwar Kurmi da gidan sarki, duka aikin Rumfa. Sa'an nan zuwan Turawa a watan Fabrairu na 1903, zamanin Sarki Alu. Yaron da kika aika cefane Kurmi, ki ce ya dawo miki da sunan layi uku da abin da ake sayarwa a kowanne.

Tsohuwar gida

Babbar malamar tarihi ita ce kakar yara. Ki ba yarinya littafin rubutu da fensir, bayan sallar la'asar ta zauna kusa da ita ta tambaye ta: Iya, a ina aka haife ki? Me aka jera miki a ɗakin aure? Nawa ake sayar da mudun gero? Ta rubuta yadda aka faɗa, kashegari ta karanta wa tsohuwa ta gyara. Kin jefi tsuntsu biyu ke nan, ga tarihi ga rubutu.

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke lissafi. Saboda haka ki rubuta wa yarinya wannan ma'auni a bangon littafinta: zuwan Sarauniyar Ingila Kano, 1956; samun mulkin kai, 1960; naɗin Sarki Ado Bayero, 1963; yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970; canjin hannu na tuƙin mota, 1972; canjin kuɗi, 1973. In Iya ta ce, "Da goyon babanku aka yi canjin kuɗi," sai yarinya ta lissafa shekarun babanta da kanta.

In akwai kwabo mai huji ko sule a gindin adaka, a fito da shi. Fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. To, sadakin fam goma naira nawa ke nan? Lissafi ya shigo.

Kada ki raina wannan aiki. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau tana rubuta labarin rayuwarta. Littafin, Baba of Karo, ya fito a 1954, manyan jami'o'in duniya suka karɓe shi. Kafin nan kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna kai wa mata karatu har garuruwansu. Ashe makarantar tsakar gida ba baƙuwarmu ba ce.

Ni kaina ina da nadama. Akwai wata goggon mahaifina da ta san sunayen kakanninmu har bakwai. Kullum ina cewa gobe zan rubuta. Tana cikin tsofaffin da muka rasa a Kano a watan Afrilu na 2020, Allah ya jiƙanta. Huɗu kawai muka iya tunawa, sauran ukun sun tafi da ita.

Yadda za a tsara

Rabin awa a rana ya isa, amma a tsayar da lokaci ɗaya, kada aike ko talla ya ci shi. Ran Asabar da Lahadi hira da tsohuwa, Litinin da Talata rubutu da gyara, Laraba zanen taswirar unguwa da masallatai da ƙofofin gari, Alhamis yarinya ta tsaya ta ba 'yan gida labarin abin da ta koya. Ki roƙi maigida ya nemo muku Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, a riƙa karanta shafi ɗaya da dare. In hali ya yi kuma ya kai yara Gidan Makama su ga kayan da da idonsu. Wadda ba ta iya boko ba, ta sa yarinya ta karanta mata, ita kuwa ta yi tambaya.

Ku kuma 'yan mata, kada ku jira sai an ce ku yi. Ku adana littafin nan, ran da aka buɗe makaranta ku nuna wa malamarku. Wadda ta rubuta labarin sunan unguwarsu ta aiko wa wannan fili, mu karanta tare.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.