Ko Kun Sani? Jirgin Gasa Mai Daidaitaccen Gudu

A gasar F3A ta ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot, jirgin da ya fi gudu ba shi ne gwani ba. Matuƙa sun fi son wanda saurinsa ba ya canzawa, ko yana hawa ko yana gangarowa, domin alƙalai su ga kowane juyi sarai.

Hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ta ƙayyade cewa faɗin fukafukai da tsawon jiki kada kowannensu ya wuce mita 2. A cikin wannan iyaka, ƙwararru na zaɓen jirgi mai dogon jiki da kauri: yana tafiya sak, kuma ko an kwantar da shi a gefe guda, jikin kan tallafe shi a iska. Wasu ma kan sa farfela biyu masu juyawa a saɓanin juna, don kada ƙarfin injin ya karkata jirgin.

Kowane salo maki 0 zuwa 10 ne, a ninka gwargwadon wahalarsa. Hanno Prettner na Ostiriya sau 7 yana lashe gasar F3A ta duniya.